Rasuwar 'Yar Baƙa, Wadda Gudumar Maƙeri Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a kumbure, da haƙori guda da har yanzu yake girgiɗa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kyamarata ya ce in sa masa wuta a baya, rasuwar kwamfutata, abokiyar sana'ata, wadda duk layinmu ya sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a shagona na gyaran hoto, wanda ke tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ko da yake ta tsufa. Ba jinya ce ta kai ta ba, ko da yake ta yi jinya. Kashe ta aka yi, da guduma, ido na ganin ido, kuma zan faɗi yadda aka yi ko da za a kumbura mini ɗaya idon.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, don kada malamai su taso ni a gaba, dukan da na sha a makon nan ya ishe ni. Amma zan shaida cewa marigayiya ta zauna lafiya da kowa. Ta zo hannuna da sauran ƙarfinta, bayan ta yi bauta a wani ofis da ban sani ba, da tabon sigari a gefenta da lotsawa a murfi. Tun daga ranar ba ta taɓa ƙin tashi ba. In na danna mata maɓalli da safe sai ta ce "tiit", sau ɗaya, cikin ladabi, sannan fankarta ta ɗauki "fuuuu" har yamma. In aiki ya yi nauyi ka ji cikinta yana "ƙir-ƙir-ƙir", amma ba ta ajiyewa. Ta sha zafi, ta sha ƙura, ta sha ɗauke lantarki babu sallama, ta sha shayin da tela ya kifar mata a kan kibod ya kuma rantse ba shi ba ne. Akwai shekarar da ɓera ya haihu a cikinta, ta haƙura ta ci gaba da aiki da 'ya'yan a ciki har suka yi wayo suka fita da ƙafarsu.

Sana'ar marigayiya wuta ce. Wanda bai san shagona ba, bari in gaya masa. Mutum ya zo da hotonsa a tsaye a gaban bangon gidan haya, ni da 'Yar Baƙa mu cire bangon, mu sa masa gobara a baya, ya fita yana tafiyar isa. 'Yan ƙwallon unguwa da ba su taɓa cin wasa ba, masu babur, masu ɗaga ƙarfe, samarin da suka yi waƙa ɗaya suka fara sa baƙin tabarau a cikin ɗaki, duk mun ƙona su, kuma sun gode. Wasu masu gyaran hoton ma suna yi, na sani, amma wutarsu labule ce kawai. Su rataya ta a bayan mutum, shi kuma ya tsaya a gabanta fuska a sanyaye kamar wanda ya fito daga wanka. Haba! Wace irin wuta ce ba ta taɓa fuska? Tamu tana taɓawa. Mu sa babbar a baya, mu sa 'yar ƙarama tana lasar ƙafa ta gaba, mu watsa tartsatsi a iska, sannan mu ɗebi jan haskenta mu shafa a kunci da gefen hanci da saman goshi, mu ɗiga ɗan ƙyalli a ƙwayar ido. Mai kallo sai ya ja baya kaɗan bai sani ba. Kuma wutar nan ba daga intanet na kwaso ta ba kamar ragwaye. Da kyamarata na bi ta shekara da shekaru, a bakin tandar mai burodi, a wurin masu walda, a juji idan an cinna masa, har gashin girata ya taɓa babbakewa. Duka a cikin 'Yar Baƙa na adana, ba ni da ita a wani wuri.

Dole in bayyana yadda muke aiki ni da ita, don a nan ajalinta ya ɓuya. Hoto a wurinmu hawa-hawa ne, kamar ka jera gilasai wani a kan wani: wannan da mutum a jiki, wannan da wuta, wannan da hayaƙi, wancan da gajimare. Leya muke ce musu a sana'a. Kowace leya tana da ɗan ido a gefenta. Ka danna idon ya rufe, abin da ke kanta ya ɓace. Ka sake dannawa ya buɗe, abin ya dawo. Ni kuma ina da babban aiki guda ɗaya da nake kira uwa, duk kayan adona suna cikinsa. Kowa ya zo sai in zura hotonsa a tsakiyar uwa, in buɗe idon abin da yake so, in rufe sauran. Wutar kuwa gaba ɗayanta, ta baya da ta gaba da jan hasken da ke bin fuskar duk wanda aka zura, ido ɗaya ne yake riƙe da ita.

Rashin lafiyar marigayiya a hankali ya fara. Nauyin jiki. Ka danna mata abu, ɗan zoben nan ya fito yana juyawa, yana juyawa, ka je ka sha ruwa ka gaisa da tela ka dawo bai gama ba. Daga baya ta koyi haɗiye dannawa. Ka danna, ta yi shiru, ka ce to ba ta ji ba, ka sake dannawa, can sai ta amayo maka duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran waya ya leƙa cikinta ya ce, "Maigida, baiwar Allahn nan ta gaji, ka kwashe kayanka ka kai wani wuri tun da sauran numfashi." Na ce masa ya je ya ji da wayoyinsa masu fasasshen gilashi. In riƙa kwasar kaya daga ɗakin mara lafiya tana kallona? Ai cin fuska ne.

Ana cikin haka wasu 'yan uwa biyu suka shigo shagon, wa da ƙani. Wan bakanike ne, ƙaton mutum, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Ƙanin mahauci ne, gajere, mai saurin baki da saurin hannu. Mahaifinsu ne ya rasu bai daɗe ba. Maƙeri ne, ya ƙare rayuwarsa a gaban zuga-zugi, kuma duk tsawon ransa sau ɗaya tak ya yarda aka ɗauke shi hoto. Shi suka kawo, ɗan mitsitsi bai fi kwalin ashana ba, daga ƙasan akwatin mahaifiyarsu. Danshi ya cinye kunne ɗaya, tabo ya ɓata wuyan riga. Tsohon yana tsaye ƙiƙam cikin rigar aro, hasken kyamara ya wanke masa fuska fat, ido a zare. Suka ce in ƙara masa girma, in gyara kunnen, in sa masa gajimare da farin haske a baya, za su rataye shi a ɗakin innarsu ranar da dangi za su taru. Na ɗora shi a kan sikana, na'urar da ke kwafe hoto ta shigar da shi kwamfuta, 'Yar Baƙa ta ce "ƙir-ƙir-ƙir" ta karɓe shi, na miƙa wa bakanike ɗan hoton, ya jefa a aljihun riga.

Washegari sai ga shi ya dawo ido jawur. Matarsa ta jiƙa rigar, ta cuɗa ta da sabulu, ta matse, ta shanya. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini wani ɗan dunƙulen takarda fari.

Ya ce, "Mai hoto, Baba ke nan. Inna ba ta sani ba. Don Allah ka ce mini yana wurinka."

Na dafa kan 'Yar Baƙa na ce, "Kwantar da hankalinka. Babanka yana cikin nan lafiya lau."

Ƙaton nan ya sunkuya ya shafa murfinta da hannunsa mai maiƙo, ya ce Allah ya yi mata albarka. Jama'a su riƙe wannan: shi da bakinsa ya sa mata albarka, kuma ya fita shagon nan ya san fuskar ubansa ba ta ko'ina a duniya sai cikinta.

Na yi wa tsohon aiki tsakani da Allah. Na ɗauko kunnen da ya rage na juya shi na yi masa ɗayan, na cire tabo ɗaya bayan ɗaya, na ɗinke wuyan rigar. Sannan na zura shi cikin uwa. Kafin shi wani mai ɗaga ƙarfe na yi wa aiki, don haka wuta tana nan a buɗe tana ci ganga-ganga. Na buɗe idon gajimare, na danna idon wuta. Shiru. Zobe yana juyawa. Na sake dannawa. Daidai nan aka ɗauke lantarki, batirin ko-ta-kwana ya fara ihunsa, "tii, tii, tii", shi ma tsoho ne, ba ya riƙewa. Can sai allon ya motsa, wuta ta ɓace, ga tsoho cikin gajimare fes. Da idona na gani, wallahi na gani! Na yi maza na ce ta juye hoton a filash, ɗan abin nan da ake kwafe aiki a ciki a jefa aljihu, ta juye, allon ya mutu. Ashe dannawa ta biyun nan da ta haɗiye, a tsakanin nan ta amayo ta, idon wuta ya sake buɗewa. Ban ce laifina ba ne, ban kuma ce nata ba ne, ba a ɗora wa mara lafiya laifi. Mai neman wanda zai kama ya je ya nemi wanda ya ɗauke lantarki.

Babban hoto ba a shagona ake buga shi ba, akwai mai babbar na'ura a can cikin gari. Mutumin nan ko hoton kansa ka ba shi a kife ba zai lura ba. Na kai masa filash ɗin, ya buga kai tsaye daga ciki ya miƙo mini abina, ya ce a dawo idan ya bushe. Ya sa a firam, ya naɗe da takarda mai ruwan ƙasa, ya ɗaure da igiya. Mahauci ya biya ta can ya ɗauki kayansa ya wuce gida. Ni ban gani ba, shi ma bai gani ba.

Abin da ya faru a gidan, tela ne ya ba ni labari, don maƙwabcinsu ne kuma yana wurin. Falo ya cika da dangi, mahaifiyarsu tana zaune a gaba, 'ya'yan biyu suka riƙe firam dama da hagu suka yage takardar. Sai ga maƙeri, mamaci, a tsakiyar wuta. Harsunanta sun wuce kansa, ta gaba tana lasar rigarsa, tartsatsi na tashi, kuncinsa ya yi ja, ƙwayar idonsa tana ƙyalli. Gajimaren da na sa ma ya rikiɗe ya koma hayaƙi. In faɗi gaskiya ko za a tsine mini, tela ya ce bai taɓa ganin aikinmu ya yi kyau haka ba. Tsohuwa ta kai hannu baki, hawaye suka ɓalle mata. Wani kawunsu, irin mai bakin nan da ba a rasawa a kowane dangi, ya ce, "Subhanallahi! Ku da kanku kuka kai ubanku can?" Wata mata ta tuntsire da dariya ta yi maza ta mayar da ita tari. Bakanike ya dubi hawayen innarsa. Ya zagaya bayan gida, inda maƙerar tsohon take a rufe tun da ya kwanta ciwo, ya ɗauko babbar gudumarsa.

Ina zaune ina goge wa marigayiya allo da tsumma, tana "fuuuu" abinta ba ta san komai ba, sai ƙofar shagon ta daki bango. Mahauci ne ya fara shigowa da firam a sama. Na ɗaga kai na ga wuta, na ga tsoho, kafin in miƙe ya sauke mini shi a ka. Gilashi ya tarwatse, jini ya biyo bayan kunnena. Ya zaro wuƙarsa ta aiki ya yi wa hoton filla-filla, yana yanka yana zagi, ya haɗa da uwata da kakata da wanda ya koya mini sana'a. Na ce, "Ku tsaya! Ido ɗaya ne kawai, ku bari in rufe shi, yanzun nan wutar za ta mutu!" Sai ya dunƙule hannu ya rufe mini nawa.

Ina ƙasa duniya tana juya mini na hango bakanike a bakin ƙofa. Ko kallona bai yi ba, ita yake kallo. A allonta a lokacin ma hoton wani mai babur ne a cikin harshen wuta, sai ka ce da gangan. Ya ɗaga gudumar da hannu biyu. Bugun farko a allon ya sauka, ya fasa ta baya, farin hayaƙi ya tashi da warin ƙonanniyar roba. Na biyu a kibod, haruffa suka yi tsalle har rufi, har yau ina tsintar su, ɗazu ma na sami ɗaya a cikin takalmina. Mahauci ya kama maus ta wutsiya ya wulwula shi ya maka da bango, ya bi shi ya take. Ya tumɓuke hotunan da na manna a bango na talla, ya kifar da teburin, ya jefi kwan fitila da kujera. Duk wannan da sauƙi, allo ana samun wani, kibod ana samun wani. Ita kanta, akwatin injin, tana nan da ranta a ƙasa, fankarta tana juyawa, ɗan koren haskenta yana ƙiftawa.

Da wani ne, da nan ya tsaya, ya huce, ya tafi. Amma bakanike ne, ya san ba a allo ran inji yake ba. Ya sunkuya ya fizgo ta da wayoyinta, soket ya fito daga bango da siminti a jikinsa. Nan na ji muryarta ta ƙarshe, fankar tana sauka a hankali, "fuuu, fuu, fu". Ya ja ta a ƙasa har dokin ƙofa. Na rarrafa cikin gilashi na rungume ƙafarsa. Na ce, "Babanka yana ciki! Kai ka shafa ta da hannunka! Babanka yana ciki!" Ya shure ni a baki, haƙorin nan mai girgiɗa shi ne shaida. Tela ya iso yana haki ya riƙe masa hannu, bakanike ya yarfar da shi cikin kwata. Mai gyaran waya ya leƙo, ya ga guduma, ya koma ya ja ƙofarsa, kuma ban manta masa ba.

Sannan aka fara kisan sosai. Ya buge ta murfin ya lotse, ya ƙara ya ɓalle, ya ƙara fankar ta fito tana gangarawa a titi ita kaɗai. Ya cusa hannu cikin hanjinta ya tsinke wayoyi, ya karya allunan ciki a gwiwarsa, yana gurnani, har ya kai ga ɗan akwatin ƙarfen nan, faifan da take ajiye komai a ciki. Wutata ta shekara da shekaru tana nan, uwa tana nan, tsohon yana nan cikin gajimarensa da kunnensa biyu. Ya ɗora shi a kan dokin ƙofa, ya gyara masa zama da yatsa biyu yadda ya ga ubansa yana yi wa ƙarfe a kan uwar maƙera. Ɗan maƙeri ne, bai kuskure ba. Ƙwas! Ya ƙara. Ya ƙara. Simintin ƙofar ya tsage, abin da ke cikin akwatin ya zubo gari mai sheƙi.

Layi ya cika da 'yan kallo. Bakanike ya tsaya yana huci. Na tofar da jini na ce masa, "Madalla. Na hannunka ya tafi da sabulu, na hannuna ya tafi da guduma. Sai ka je ka nemo wa innarka fuskar mijinta." Maganar ba ta shige shi nan take ba, sai da ta yi juyi irin na zoben marigayiya. Can gudumar ta zame daga hannunsa. Ya durƙusa yana tattara garin faifan da tafin hannu, gilashi yana yankarsa, yana cewa, "Baba, Baba." Mahauci ya tsaya yana kallon yankakken hoton a ƙasa da wuƙa a hannu. Ban ji tausayinsu ba ko kaɗan, kada wani ya je ya ce na ji.

Marigayiya ta rasu ta bar sikana, wanda ya tsira saboda tarin takardu sun rufe shi. Ta bar kyamara, da ke rataye a bayan ƙofa inda ba su duba ba. Ta bar batirin ko-ta-kwana, wanda ya yi ta "tii, tii" a kan gawa har muryarsa ta dishe, da maus, yana nan dai amma ba zai ƙara moruwa ba. Ta bar masu babur da 'yan ƙwallo da dama da hotunansu suka tafi tare da ita, ina ba su haƙuri, su koma gaban bangon gidan haya. Ta bar ni, ba wuta, ba uwa, ba abin da zan danna da safe. Ta kuma bar ɗan autanta, filash, wanda yake cikin aljihun wandona lokacin da abin ya faru. A cikinsa akwai hoton maƙeri guda ɗaya da ya rage a duniya, amma a dame yake. Mutum da wuta sun zama abu ɗaya, babu leya, babu idon da za a rufe. Duk kwamfutar da aka kai shi, ba mai raba tsohon nan da wutar sai ya ɗebe da kuncinsa.

Ranar Laraba da safe ina sharar gilashi sai inuwa ta tare ƙofa. Tsohuwa ce, 'yar ƙarama, da sanda, 'ya'yanta biyu a bayanta kai a ƙasa, bakanike hannu a naɗe da tsumma. Na riƙe tsintsiyata da kyau, don ban san me ya rage da za su fasa ba. Ta dubi gawar a kusurwa cikin kwali, ta dubi idona. Sai ta juya ta ɗaga sandar ta sauke wa bakanike a kafaɗa, ta sauke wa mahauci a ƙeya, ta ƙara wa bakanike, duka na gaske ba na wasa ba, har sai da tela ya ce "ash" daga shagonsa. Ba wanda ya motsa a cikinsu. Sannan ta zauna a benci ta numfasa.

Ta ce, "Ɗana, an ce kai ka yi hoton nan."

Na ce, "Ni ne, Inna, amma kuskure ne. Gajimare aka ce in sa. Mai gajimaren ya tafi, ba ni da shi. Mai wutar kaɗai ya rage."

Ta ce, "Nuna mini shi."

Mai gyaran waya, da yake yau ba mai ɗaga guduma, ya fito da sauri ya haɗa filash ɗin da wata babbar waya ya miƙa mata. Ta kai ta kusa da fuska. Ta daɗe tana kallo. Ta sa ɗan yatsa tana bin jan kuncin nan.

Ta ce, "Wancan ƙaramin da nake ajiye da shi, ban taɓa ganin mijina a ciki ba. Mai hoto ya sa shi ya wanke fuska ya tsaya kamar soja, ni ba haka na san shi ba. Tun ina amarya, in na kai masa abinci maƙera haka nake samunsa, kunci ja, ido na ƙyalli, tartsatsi na tashi ta kansa. Jiya da aka yage takardar nan sai na ga kamar zai ɗago ya ce in ajiye kwanon a can. Shi ne na yi kuka. Waɗannan shashashun ba su tsaya sun tambaye ni ba." Ta juya ta dube su. "Ku da kuka guje wa maƙera tun kuna yara, ina za ku san fuskarsa?"

Bakanike ya rufe fuska da hannunsa mai tsumma. Ita kuwa ta koma kan wayar.

Ta ce, "A sake buga mini shi, haka yadda yake. Sai dai abu ɗaya, ɗana. Wutar ta yi kaɗan ta hagunsa. Ta nan murhun yake, ta nan ya fi ja. Ka ƙara masa kaɗan."

Jama'a, duk dukan da na sha bai sa ni kuka ba, wannan ya sa. Shekara da shekaru muna ƙona samari masu tabarau, ba wanda ya taɓa lura ta wane gefe haske yake zuwa. Ranar da aka sami mai ganewa, marigayiya tana kwance a kwali. Kuma na san wutar da Inna take nufi, ina da ita, wata ja mai nauyi da na ɗauka a bakin tanda ranar da girata ta babbake. Da jiya da safe ne, kafin ta gyara zama na gama. Na nuna mata kwalin na ce, "Inna, mai ƙarawar ke nan. Wutar ma tana cikinta."

Ta dubi kwalin, ta dubi babban ɗanta. Can ta ce, "To, ba komai. Ina da fitila. Zan ajiye masa ta hagu." Ta miƙe, ta kira tela ya ɗauko mata gudumar da ke yashe a bakin kwata tun jiya, ta ce su kam ba za su ƙara taɓa ta ba.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da safe. Za a taru a ƙofar shagona, ba zai ɓace wa kowa ba, shi ne mai tsagaggen dokin ƙofa. An riga an haɗa gawar, an lulluɓe ta da tsumman da nake goge ta da shi. Wanda ya tsinci harafin kibod a titi ya kawo a haɗa da sauran. Bisa umarnin Inna, bakanike ne zai ɗauki kwalin a ka, mahauci ya bi shi da allon, a ƙasa ba a mota ba, ta tsakiyar kasuwa, har wurin mai sayen tsofaffin ƙarfuna. Garin faifan ba zai bi su ba, na zuba shi a 'yar kwalba, zai zauna tare da ni. Kawun nan mai baki, an ce in gaya masa ba a gayyace shi ba. Masu tambaya ko zan kawo wata kwamfutar su ji kunya, gawa tana kwance, kuma Inna ta ce wannan magana tsakaninta da 'ya'yanta ce.

Daga can za a biya wurin mai babbar na'ura a karɓi hoton, kuma wannan karon ni zan kwance igiyar da hannuna in duba da idon da ya rage. Sai a wuce gidan Inna, a rataye shi, ta kunna fitilarta. Ɗakin ƙarami ne, a shiga kaɗan-kaɗan, kuma don Allah kada kowa ya tsaya ta hagu, zai tare masa wutar.